Gafir Ya Tare Bisimillata a Ƙofa

Lahadi, 2 ga Oktoba, 2022

Ya kamata in shimfiɗa al'amarin nan tun daga tushe, domin idan na dawo kan wannan shafi wata rana in tarar da shi yadda ya faru, ba yadda fushi zai so ya tuna mini da shi ba.

Ni ne mafi tsufa a kamfaninmu, ƙaramin kamfani mai ɗakuna uku a saman bene, bayan kasuwar Suk al-Arabi. Muna rubuta manhajar da wasu asibitoci masu zaman kansu a Khartoum da Omdurman suke tsara layin marasa lafiya da ita. Ni na aza harsashinta tun Mudir Hamid, mai kamfanin, yana hawa hafla, motar haya, kamar kowa. A sana'armu, duk wanda ya yi gyara ko ƙari a jikin manhaja yakan ɗaure aikinsa wuri ɗaya, ya liƙa masa ɗan bayani, sannan ya tura shi babbar ma'ajiya. Ɗaurin ake kira komit, bayanin kuma saƙon komit. Tun da na shiga wannan aiki ban taɓa rubuta saƙon komit ba face na buɗe layin farko da Bismillahir Rahmanir Rahim, sannan in sauko in faɗi abin da na tarar, da abin da na yi, da dalilin yinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kafa fartanya a gonar audugar Jazira ba tare da ya ambaci sunan Allah ba, gonar ma ba tasa ba ce.

A makon jiya Tasnim, wadda aka naɗa shugabar masu rubuta manhaja, ta dasa sabon mai duba a hanyar da aiki yake bi kafin ya shiga ma'ajiya. Da ma akwai jerin gwaje-gwajen da na'ura take yi wa kowane aiki da kanta da zarar an tura shi. Ban taɓa ƙin su ba, ni na rubuta da yawansu. Sabon abin shi ne yanzu har maganar mutum ake gwadawa. Dole layin farko ya fara da ɗaya daga cikin wasu ƙayyadaddun kalmomin Turanci, fiks idan gyara ne, fit idan sabon abu ne, da 'yan uwansu, kada kuma ya wuce haruffa saba'in da biyu. Wanda ya saɓa, sai jan tambari ya fito, aikinsa ya tsaya a waje.

Matasan ofis suna da sunan da suke kiransa da Turanci. Ni na raɗa masa Gafir, domin aikin gafir yake yi, mai gadin ƙofar da ba ya duba abin da ka ɗauko, sai takardar hannunka.

Yau ya tare ni. Duk gwajin aikin ya fito kore, Bisimilla kaɗai ya ƙi.

Tasnim 'yar Idi ce, aminina tun muna yara. Ni na riƙe ƙafar ragon sunanta.

Litinin, 3 ga Oktoba

Na sake turawa yadda na saba. Ja.

Talata, 4 ga Oktoba

Tasnim ta same ni a gindin bishiyar mai shayi lokacin fatur, karin kumallon hantsi. Ta jawo kujera da kanta, ta sa aka kawo mini jabana, gahawar da nake sha, ba sukari. Ta san ni. A ofis Ustaz take ce mini, amma a nan sai ta koma Ammu, wato Baffa, da Hausarta mai faci da Larabci.

Ta ce ba don ni aka sa shi ba. Ta ce na'ura ce yanzu take tattara layukan farko ta haɗa takardar sauye-sauyen da ake aika wa asibitoci, kuma da ta gwada a watan jiya sai shafi guda ya fito babu komai a cikinsa sai Bisimilla a kan Bisimilla. "Ammu, wallahi kamar allon makaranta. Likita yana son ya san me aka gyara." Ta yi dariya. Ban taya ta ba.

Ta ce in rubuta fiks a sama, in sa Bisimilla a layi na biyu, Gafir ba ya sauka can.

Na ce mata, 'yata, a gidan da kika taso an taɓa sa wani abu a gaban sunan Allah? Ta juya cokali a kofi. Sai ta ce, "Ma'alesh, Ammu, amma doka ɗaya ce ga kowa."

Maganarta ta takarda tana da ƙamshin gaskiya, na rubuta wannan don adalci. Sai dai maganinta shi ne a koya wa na'urar ta tsallake layi, ba a koya wa mutum ya tsallake Ubangijinsa ba. Na faɗa mata haka. Ta ce idan ta buɗe mini taga, gobe kowa zai zo da tasa tagar.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Ja. Ba ni da gaggawa.

Asabar, 8 ga Oktoba

Na kai jikoki filin Maulidi a Omdurman da la'asar, suka cika hannuwa da alewa. Ganguna, tutoci, ƙura, kowace rumfa da nata zikirin. Gari guda yana kiran sunan Allah da ƙarfi, babu wanda ya ƙidaya masa haruffa.

Gwiwata ta dama ta dame ni a hanyar dawowa unguwarmu Kalakla.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Mudir Hamid ya kira ni ɗakinsa. Ya tashi tsaye, ya ba ni kujera mai laushi, ya tambayi gida da jikoki da gwiwa. Tun daga yawan gaisuwar na san abin da ke tafe.

Ya ce ranar ƙarshen wata sabon zubin manhajar zai fita, kuma daga ranar duk wanda aikinsa ba ya wuce mai duba za a karɓe masa mabuɗin ma'ajiya. Ya ce amma ni, saboda girmana, yana tunanin ɗaga ni zuwa mustashar. Mai ba da shawara. Tebur kusa da taga, fanka tawa ni kaɗai.

Na san mustashar. Na ga yadda aka yi wa waɗanda suka koya mini aiki a ma'aikatar gwamnati: a ba mutum kujera mai kyau a ɗauke masa abin yi, ya zauna yana karanta jarida har a daina gaishe shi. Idan aka karɓe mabuɗin, ba zan ƙara taɓa ko harafi ɗaya a cikin abin da na gina da hannuna ba.

Na gode masa bisa karamcin. Na ce zan ci gaba da rubuta saƙona yadda na saba, shi kuma ya yi abin da ya ga ya dace da kamfaninsa. Ya ce, "Ya Ustaz Zainul'abidin, kalma ɗaya ce fa." Na ce ni ma a kan kalma ɗaya nake.

Ban gaya wa matata Asabe ba.

Talata, 11 ga Oktoba

Matsala ta gaske ta zo. Nahla, mai karɓar marasa lafiya a asibitin idon da ke amfani da manhajarmu a Omdurman, ta bugo. Saƙon wayar da ke tuna wa mutane ranar ganin likita yana kai wa wasu ranar da ba ita ba, yana kiransu kwana guda kafin lokacinsu. Mutum ya ƙetare kogi ya zo, a ce masa sai gobe.

Tasnim ta miƙo mini aikin ba tare da ta dube ni ba. Ta san babu wanda ya san wannan lungu kamar ni. Kafin a gyara, an roƙi Nahla ta riƙa bin mutane da waya tana gaya musu ranar gaskiya.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Na samo shi. Tun da aka mayar da manhajar sabuwar uwar na'ura agogonta bai dace da namu ba, lissafin rana yake zamewa baya ga wasu. Gyara mai tsabta, na bi shi mataki-mataki, kowane mataki da komit ɗinsa, kowane komit da Bisimillarsa da cikakken bayani. Na ji daɗin aikin nan kamar ina saurayi.

Gwaji duka kore. Gafir ja.

To, ga gyara nan a bakin ƙofa. Wanda ya kafa ƙofar shi zai amsa tambaya.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Husam, wanda yake kula da na'urorin gwaji, ya matso teburina yana rage murya kamar mai sayar da fetur a bayan fage. Mutumin kirki ne, ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ya ce akwai wata 'yar alama da zan ƙara, Gafir ya kau da kai, aikin ya shige, ba mai sani. "Sau ɗaya tak, ya Ustaz, mu huta."

Na ce masa ban taɓa shiga gidana ta katanga ba, ba kuwa zan fara da furfura ba. Ba ɓoyewa nake so in yi ba. So nake a buɗe ƙofar da rana, kowa yana gani.

Ya ɗaga kafaɗa ya koma. Na ji yana gaya wa wani cewa Ustaz da Gafir halinsu ɗaya.

Litinin, 17 ga Oktoba

Wuta ta ɗauke rabin yini. Mun zauna muna fifita da kwali. Tasnim ba ta yi mini magana ba, ni ma haka.

Laraba, 19 ga Oktoba

Ban so rubuta wannan ba.

Gogo Khadiga, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, tana da alƙawarin duba idonta a wannan asibitin na Omdurman. Ban sani ba, Asabe ce take riƙe da waɗannan abubuwa. Saƙo ya shigo wayar Asabe cewa yau ne. Nahla ba ta kai ga kiransu ba, mutum ɗaya ce da layi guda. Suka fita tun hantsi bai yi ba: raksha mai ƙafa uku zuwa titi, hafla zuwa Suk al-Arabi, wata haflar zuwa ƙetaren gada. Tsohuwar da ba ta iya hawa matakala sai an tallafe ta. Aka ce musu likita sai gobe.

Na dawo na tarar da Gogo kwance a kan angareb, gadon igiya, a tsakar gida, ƙafafunta cikin roba da ruwan ɗumi, sun kumbura. Ta ce, "Zainu, waɗannan na'urorin naku, ashe su ma suna ƙarya?" Ba ta san tawa ce ba. Na ce za a gyara, Gogo.

Asabe ta san tawa ce. A madafa, tana juya kisra, wainar dawar nan mai falle-falle, na gaya mata komai, har da maganar mustashar. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sai ta ce, "Ai Gogo ma ta yi Bisimilla, Malam. A kowace hafla ta yi, zuwa da dawowa."

 Na ci abinci ban san me na ci ba.

Har yanzu ina cewa ba ni na rufe ƙofa ba.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Na ɗauki taksi na kai Gogo da kaina. An duba idon, an ba ta magani. A ɗakin jira na ga wani dattijo da ɗansa daga Alshajara ana ba su haƙuri, su ma gobe ne nasu. Nahla ta gane ni, ta gaishe ni da ladabi. Da ma ta zage ni.

Da na isa ofis bayan azahar na buɗe saƙon komit ɗin gyaran, na rubuta fiks a gaban layin. Na zauna ina kallonsa. Na goge.

Lahadi, 23 ga Oktoba

An shigar da gyarana ba da hannuna ba.

Tasnim ta ji labarin Gogo daga wajen mahaifiyarta. Ranar Alhamis bayan na tashi ta sa Husam ya dunƙule duk komit ɗina suka zama ɗaya, ta rubuta masa layin farko irin wanda Gafir yake so, ta kwafe bayanina a ƙasa, ta tura. Ta bar sunana a matsayin mai aikin. Saƙonni sun daidaita tun ranar Juma'a.

Na same ta a teburinta na ce da izinin wa. Ta miƙe tsaye ta dube ni. "Da izinin Gogo, Ammu." Ta ce ta jira ni fiye da yadda ya kamata saboda kunyar mahaifinta, ba za ta ƙara ba. 

 Na koma na duba ma'ajiya. Bayanina yana nan kalma da kalma. Bisimilla ce babu, ko ɗaya. Reshen ma'ajiyar da na jera komit ɗina a kansa ma an share shi.

Na kira Husam na ce, na asalin fa, ina suka tafi? Ya ce suna nan suna yawo na ɗan lokaci, ba a jingine da komai ba, daga baya mai kwasar shara ya zo ya kwashe. Na ce, wane mai shara? Ya ce wani ɓangare ne na ma'ajiyar, sunansa ke nan, mai kwasar shara, yana zagayawa da kansa yana zubar da abin da ba a buƙata. Ya yi mamakin tambayar. "Ai ka san shi, ya Ustaz. Kullum haka ake yi idan an dunƙule ko an sake jera aiki."

Na san shi. Shekaru ina sane da shi kamar yadda mutum ya san akwai kwata a bayan gida. Ban taɓa tsayawa na haɗa shi da abin da nake rubutawa a layin farko ba.

Shara.

Talata, 25 ga Oktoba

An rufe gadoji saboda zanga-zanga, ba mu fita ba. Na yini a ƙarƙashin rumfa.

Mahaifina ba ya karatu, amma ya san siffar sunan Allah. Idan ya ga takarda a ƙasa sai ya duƙa, ko da buhu a kansa, ya duba. In da sunan a jiki, ya kaɗe ta ya cusa a tsagar katanga, in sun taru ya ƙona ya zuba tokar a ruwa mai gudu. Ya taɓa marin yayana don ya naɗe gyaɗa da shafin littafin addini. Abu biyu ya bar mini: kada ka fara aiki ba da sunan ba, kada kuma ka bar sunan inda za a taka. Ban taɓa zaton wata rana ɗayan zai tsaya a gaban ɗayan ba.

Wannan ba ya nufin Gafir yana da gaskiya. Gafir bai san komai ba.

Alhamis, 27 ga Oktoba

A tashar hafla na duƙa na tsinci guntun jarida mai sanarwar rasuwa, da ayar Alƙur'ani a samanta. Aljihun jallabiyata na dama kullum da irinsu. Kwandasta yana ta ihun Kalakla, Kalakla, ni kuwa ina tsaye da takarda a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

A ofis ban tura komai ba. Na zauna ina karanta saƙonnin matasa na wannan wata, waɗanda Gafir ya sa wa kore. "Fiks: gyara." "Fiks: gyara kuma." "Fiks: yanzu ya yi." Ɗaya ma cewa ya yi, "fit: abubuwa." Duk sun wuce da tambarin yabo. Me aka gyara, don me, wa ya nema, babu. Nan da shekara biyu wanda ya rubuta ma ba zai tuna ba. Wannan shi ne tsarin da ake so a kore ni a kansa.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Bayan salla na tsayar da limamin unguwarmu na ba shi labari a taƙaice. Ya yi murmushi ya ce a fahimtarsa rubutun na'ura ba kamar na takarda ba ne, haske ne da ke zuwa ya tafi, kada in ɗora wa kaina nauyi. Ya ce in na rubuta babu laifi, in na faɗa da baki ma ya wadatar.

Wato ya sake ni ta kowane gefe. Da ya ɗaure ni da ya fi mini sauƙi.

Na yarda da iliminsa. Amma kalmar Husam ba ta fita kunnena ba, kuma ni na san ba zan iya sake rubuta sunan a wurin da na san mai shara yana zagayawa ba. Ba fatawa ba ce. Tarbiyya ce.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Gobe ne. Na ga an riga an matsar da wani tebur kusa da taga, an ɗora masa fanka sabuwa. Mudir Hamid ya wuce ni sau biyu yana duba wayarsa.

Idon Gogo ya yi sauƙi. Ta ce yanzu tana ganin furfurata sosai.

Litinin, 31 ga Oktoba

Ina so a fahimci abin da ya faru yau daidai, ko da ni kaɗai zan karanta.

Akwai ɗan aikin da ya rage kafin sabon zubi ya fita. Na gama shi da hantsi. Na rubuta layin farko gajere, da kalmar da ake so a gabansa. A ƙasa na rubuta bayanina cikakke kamar kullum. Sannan na gyara zama, na ɗora yatsa a kan maɓalli, na ce Bismillahir Rahmanir Rahim da muryar da har mai shayi a ƙasa sai da ta ji. Husam ya zabura ya zubar da shayinsa. Na tura.

Kore.

Ba sallamawa na yi ba. Na ɗauke sunan ne daga inda bai dace da shi ba na mayar da shi inda mahaifina yake ajiye shi. Shi ma ai ba a jikin fartanya yake rubutawa ba. Har yanzu babu abin da yake gabansa: sai na faɗe shi kafin na'ura ta ga ko harafi. Gafir bai ci ni ba, bai ma san an yi ba.

Tasnim ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce, "Ammu." Na ce mata ta ce Ustaz, muna ofis. Sannan na ce ta buɗe mini fayil ɗin dokokin Gafir, ina da magana da shi. Na nuna mata "fiks: gyara kuma" da 'yan uwansa. Ta rufe baki tana dariya, ɗaya daga ciki nata ne. Na ce tun da an ce doka ɗaya ce ga kowa, to a cika ta: kada saƙo ya wuce sai da bayani a ƙasa, aƙalla jimla biyu, me aka tarar, don me aka taɓa. Ta yi tunani ta ce, "Tamam. Amma kai za ka rubuta dokar, kai kuma za ka sha zagin."

Mabuɗina yana hannuna. Fankar an kai ta ɗakin Mudir.

Laraba, 2 ga Nuwamba

Dokar ta fara aiki. Layuka kaɗan ne, amma na yi mata gwaji mai kyau. A saƙon da yake fitowa idan ya tare mutum, na cire busasshen Turancin nan na sa ya ce da Larabci: a yi haƙuri, a ƙara bayani. Mai gadi ma yana iya zama da ladabi.

Ya tare Husam sau da yawa kafin fatur. Husam ya zo yana cewa, "Ya Ustaz, gafir ɗinka ya hana ni wucewa." Gafir ɗina, in ji shi. Na ce ya je ya rubuta dalili. Ya ce akwai wata 'yar alama da... Na ce na toshe ta jiya.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Ƙorafi ya yi yawa, Tasnim ta ce in rubuta sanarwa a zauren hirar ofis. Na ƙi. Abin da ake sharewa duk wata ba wurin sanarwata ba ne. Na ce zan karanta da baki lokacin fatur, a gindin bishiya, kowa da kwanon waken ful a gabansa. Haka aka yi. Har Mudir Hamid ya sauko.

Yau da safe na tura aiki, na tashi zan ɗebo ruwa, sai na ga na dawo na tsaya ina jiran tambarin ya fito. Ba don komai ba. Ina duba ko dokar tana aiki ne.

Ga abin da na karanta musu da Larabci, bayan na buɗe da abin da ake buɗewa da shi. Na mayar da shi harshen gida don ajiya:

"'Yan uwa abokan aiki, manya da ƙanana. Kun san an kafa mai duba saƙonni a ƙofar ma'ajiya, kun kuma san matsayina a kansa, wanda bai canja ba: na'ura ba ta san darajar magana ba. Sai dai tun da an ɗora mini kula da shi, ina sanar da ku cewa ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba, har da wadda ta kawo shi, har da ni. Layin farko na likita ne, a taƙaita masa. Abin da ke ƙasa na wanda zai gaje ku ne, a cika masa. Abin da ya gabaci duka biyun kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa, Gafir ba shi da hurumi a can. Wanda aka tare kada ya nemi katanga, kada kuma ya zauna a bakin ƙofa yana jiran a lallashe shi, domin a ƙetaren gada akwai tsofaffin da suke hawa hafla a kan abin da muka rubuta. Ina roƙon haɗin kan kowa da kowa a kan wannan, cikin girmamawa. Wanda yake da ƙorafi ya same ni a teburina. Yana nan inda yake, nesa da taga."